Tsinin da Ke Bayan Abin Wuya

Aminiyata Hansai ce ta fara ba ni wannan labari, muna zaune a tsakar gidanta a unguwar Abakpa muna tsinke zogale. A kan jikarta abin ya faru. Ku matso ku ji, don ni ba na maimaita magana.

A zamanin, talabijin ba ta fara aiki sai da yamma. Yara in sun taso daga makaranta, kowa abin yi yake nema wa hannunsa. Maza su ƙera motar waya. Mata su yi carafke.

To ita wannan yarinya tana aji biyar a firamare. Ita ce 'yar fari a gidansu, shi ya sa mamanta ba ta kiran sunanta. Sai dai ta ce, "Ke." Ba ta yabonta a gaban mutane, don kunya. Amma yarinyar ta san ana sonta.

Ana nan sai Mama ta haihu. Aka sami ɗa namiji, jawur da shi, ga kumatu. Gida ya cika da 'yan barka. Wannan ta kawo sabulu, waccan ta kawo turmin atamfa. Yarinya tana gefe tana kallo, tana so ita ma ta ba Mama wani abu da za ta sa ranar suna. To me take da shi? Daga allonta sai jakar makaranta.

Rannan da yamma ta fita ƙofar gida. Maƙwabta suna gini, tifa ta juye musu yashin kogi. Yarinya ta tsuguna tana tonon duwatsun carafke. Sai hannunta ya ci karo da wani ɗan dutse, sumul, mai ruwan zuma. Girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Ta tofa masa miyau ta goge da bakin zane. Sai ga shi yana sheƙi.

Ba ta tsaya ko'ina ba sai shagon Kawu Maliki, ƙanin mamanta. Gyaran fanka yake yi a bakin layi. Kullum shagonsa cike yake da ragowar jar waya, irin ta naɗin koyil.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau, yayar jariri. Yau me aka kawo mini? Fanka ko rediyo?"

"Dutse ne. So nake ka huda mini shi, in zura zare, in ba Mama ta sa a wuya ranar suna."

Kawu Maliki ya karɓa ya juya shi a tafin hannu. Ya ce, "In na huda shi, fashewa zai yi. Irin wannan riga ake ɗinka masa."

"Riga kuma, Kawu?"

"Rigar waya. Zauna ki gani."

Ya yanko waya mai tsawon kamu guda. Ya ninka ta biyu. Ya sa ƙusa a tsakiya, ya murɗa, ya zare ƙusar. Sai ga ɗan zobe ya fito.

"Nan zare zai bi. Yanzu ɗora dutsenki a ƙasan zoben. Ki kawo waya ta gaba, ki kai ta baya, ki gitta. Ki ja da kyau, amma kada ki yi mata fushi."

Ta gwada, dutse ya suɓuce ya shige ƙarƙashin benci. Ta rarrafa ta ɗauko shi, kanta duk yanar gizo. Kawu ya yi ta dariya. Ta sake gwadawa, waya ta karkace kamar taliyar Hausa. Ta kwance, ta miƙar da ita, ta sake.

Haka ta yi ta zuwa kullum bayan makarantar allo. Yatsunta suka yi ja, amma ba ta fasa ba. Ana gobe suna, dutse ya zauna daram a cikin rigarsa. Ta girgiza shi, bai motsa ba. Har wani ɗan lanƙwasa ta yi a gaba, mai kama da gidan dodon koɗi.

Kawu Maliki ya ɗaga shi a hasken ƙofa. Ya ce, "Lallai hannunki na da kyau. Saura abu ɗaya. Juya bayansa."

Ta juya. Bakin wayar yana nan a baya, ya ɗan ɗago, da tsini.

"Kin ga wannan? Sai kin goge shi a dutsen wasa wuƙa ya yi laushi. Sannan ki sa filaya ki tanƙwara shi, ya shige ƙarƙashin 'yar'uwarsa. Kada ki ba kowa sai kin yi haka."

"To, Kawu."

Sai wani ya shigo da fanka a kafaɗa. Kawu ya juya wajensa. Yarinya ta ɗauki filaya ke nan, sai ta ji yaran layi suna ihu a waje. An kawo ragon suna.

Ta leƙa. Ga rago fari, ga ƙaho a murɗe, yara sun yanyame shi. Ta dubi filaya, ta dubi rago. Ta ce a ranta, "Ai a baya yake. Wa zai juya ya gani?"

Ta ɗan danne tsinin da babban yatsa, ta jefa abin wuya a aljihu, ta fice.

Kawu ya ɗaga murya bai waiwayo ba. "Kin kwantar da bakin?"

"Saura kaɗan, Kawu," in ji ta, tana gudu.

Saura kaɗan ɗin nan kuwa ba ta koma ta cika shi ba.

Ranar Asabar da sassafe aka raɗa suna. Aka mayar wa jariri da sunan kakansa, marigayi mijin Hansai. Don haka ba mai kiran sunan, sai dai a ce Datti. Kaka Hansai kuwa "maigidana" take ce masa. Wanzami ya zo ya yi masa aski. Ya tambaya ko za a yi tsaga, Baba ya ce a'a, a bar masa fuskarsa haka.

Da hantsi Mama ta yi wanka, ta sa leshinta na fitar suna. Yarinya ta zura baƙin zare a zoben, ta shiga ɗaki a hankali. Ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

"Mama, ga shi. Ni na yi."

Mama ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ba ta ce an gode ba. Sai kawai ta cire sarƙar da ke wuyanta, ta ajiye a cikin kwalla, ta rataya na yarinyar.

"Ke, je ki ɗebo wa baƙi ruwa," in ji ta.

Yarinya ta fita kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Gida ya cika da mata. Ga ƙamshin turare, ga na tuwon shinkafa, ga masu kiɗan ƙwarya a gindin mangwaro. Duk wadda ta shiga gaida mai jego sai ta tambaya.

"Wannan abin wuya fa? A Kasuwar Barci aka samo?"

Mama ta yi murmushi kawai. Kaka Hansai ce ke ba da amsa. "Wace kasuwa? Waccan mai ƙafa kamar sillen kara ce ta yi. Ni ma ban san tana da wayo ba."

Mata suka yi ta sa albarka. Yarinya tana raba ruwa tana jin komai, bakinta ya ƙi rufuwa.

Bayan azahar aka ce mai hoto zai zo da la'asar. Ana cikin haka Datti ya farka. Mama ta ɗauke shi ta ɗora a ƙirji tana jijjigawa. Abin wuya ya juya. Jariri ya goga fuska, sai ya callara wani irin kuka.

Mama ta janye shi da sauri. A kuncinsa ga wani ɗan siririn layi ja, da ɗigon jini a ƙarshensa.

Kaka Hansai ta karɓi yaro, ta duba farcen Mama, ta duba 'yan kunne. Sannan ta kama abin wuya ta juya bayansa. Ta shafa da yatsa.

"Ga ɓarawon nan," in ji ta.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuyar da kai, ta cire abin wuyan, ta ajiye a kan tagar ɗaki. Ta wanke kuncin Datti da ruwan ɗumi, ta shafa masa magani.

Yarinya tana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta ga komai. Da ma dukanta aka yi, da ya fi mata sauƙi. Ta ajiye kofin, ta tafi bayan randa ta tsuguna, hawaye na zuba.

Can sai ga Kaka Hansai ta zo, da abin wuyan a hannunta.

"Au, nan wanzamiya ta ɓuya? Ubanki ya hana a yi wa maigidana tsaga, ke kin yi masa kyauta."

Yarinya ta ƙara fashewa da kuka.

"Yi shiru. Kuka ba ya kwantar da waya. Faɗa mini, kin san da tsinin nan?"

"Na sani, Kaka."

"Maliki bai ce ki gyara ba?"

"Ya ce. Rago na tafi kallo. Na ɗauka ba wanda zai ga bayan."

"Gaskiyarki, ba wanda ya gani. Gaban abin wuya na masu kallo ne. Bayansa kuwa na wanda ya sa ne, da wanda ya rungume. Kin yi wa baƙi ado, kin bar wa naki tsini."

"Kaka, tabon zai zauna?"

"Ba zai zauna ba, in Allah ya yarda. Fatar jariri ce, kuma karcewa ce kawai. Amma da ya ɗan haura sama fa? Ido na nan kusa."

Yarinya ta share hawaye da bakin zane.

Kaka ta damƙa mata abin a hannu. "Tashi. Mai hoto bai zo ba tukuna. Ki fara zuwa wajen uwarki, sannan ki wuce shago."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa. "Mama, ki yi haƙuri. Na san da tsinin, na ƙi gyarawa."

Mama ta ce, "Na ji. Tunda kin faɗi gaskiya, ya wuce. Je ki ƙarasa aikinki."

Kawu Maliki yana zaune da maza a ƙofar gida ana cin naman suna. Da ya ji abin da ya faru, sai ya miƙe. Ya wanke hannu, ya buɗe shago, ya miƙa mata filaya.

Ta ɗago bakin wayar. Ta goga shi a dutse, ta goga, har ya yi laushi. Ta tanƙwara shi, ta tura shi ƙarƙashin naɗin, ta matse.

"Ya yi, Kawu?"

"Ni kike tambaya? Tambayi kuncinki."

Ta ɗora bayan abin wuyan a kuncinta, ta ja a hankali. Ta ji wani wuri yana ɗan kama fata. Ta sake matsewa. Ta ja a ɗaya kuncin, ta ja a wuya. Sumul, kamar bayan cokali.

Da ta koma gida, mai hoto ya riga ya kafa kyamararsa a tsakar gida. Mama na zaune a kujera, Datti a cinyarta yana barci. Wuyanta ba komai. Ashe ba ta mayar da tsohuwar sarƙar ba.

Yarinya ta miƙa. Mama ta juya bayan, ta shafa, ta sake shafawa. Sannan ta sunkuyo da kanta.

"Ke, rataya mini. Hannuna da yaro."

Masu ƙwarya suka ɗauki kiɗa, wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mai hoto ya ce kowa ya tsaya cak. Mama ta jawo yarinyar ta tsayar da ita a gefenta, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Aka ɗauki hoto, yarinya tana dariya, idonta bai gama bushewa ba.

To, jikokina, ga darasin a fili. In za ku yi aiki, ku gama shi har inda ido ba ya gani. Abin da kuka bari a ɓoye, na kusa da ku yake fara ji wa ciwo.

Da magariba ta gabato, baƙi suna watsewa, Kaka Hansai ta kira yarinyar. "Wanzamiya, ni fa? Ko wuyan tsohuwa bai cancanci ado ba?"

Washegari da safe yarinya ta fara leƙa Datti. Layin ya bushe, sai ka ƙura ido za ka gan shi. Ta sha koko, ta tafi tulin yashi ta zaɓo wa Kaka wani baƙin dutse mai sulɓi. Kawu Maliki ya zo buɗe shago ya tarar da ita zaune a dakali tana jiransa. Ya yanko mata waya. Tun kafin ta yi naɗi ko ɗaya, sai ta jawo dutsen wasa wuƙa gabanta, ta fara goge bakin.