Allura Biyu a Huji Ɗaya

Ran da ya fara ganinta, kunnensa na manne da jikin wani tsohon keken ɗinki. Haka yake aikinsa na gyara, sai ya saurari keke kafin ya taɓa shi, wai kowane keke da irin kukansa. Shi ya sa mutanen layin suke ce masa Likita.

"Malam, in ka gama jin sirrin nasa, ina son zare mai kauri."

Ya ɗago kai. Wata budurwa ce, yatsunta duk sawun zare, tana ƙamshin kakin zuma.

"Na wane irin keke?"

"Mu ba mu da keke," in ji ta. "Mu ne keken."

Bai gane ba sai da ya bi sawunta zuwa shagon baduku a ƙarshen layi. Ga katakon matse fata a tsakiyar ɗaki, tsoho mahaifinta a wannan gefe, ita a wancan. Tsohon zai huda fata da tsinke, ya tura allurarsa, ita ta karɓa ta turo masa tata ta hujin nan guda, su ja zare tare. Ɗinkin allura biyu aikin mutum ɗaya ne mai hannu biyu, amma hannun hagun tsohon ya daɗe da mutuwa, yana kwance a cinyarsa kamar ɗan tsuntsun da ruwa ya doka.

Daga ranar Likita ya raɗa mata Zuma, ya kuma shiga ƙirƙiro dalilan wucewa ta ƙarshen layi.

"Zumata, yau na gyara keke har ya yi waƙa, amma muryarki nake nema a ciki."

"Likita, ka rage daɗin baki, zare na tsinkewa. Ina tunaninka ni ma."

Da ya tura manyansa, tsohon ko fuska bai sakar musu ba.

"Mai keke? Ɗinkin keke in zare ɗaya ya tsinke, duk layin ne zai warware. Namu kuwa ko ɗaya ya tsinke, ɗayan na riƙe. Ban ba shi ba."

Sai ga ɗan majemi, mai kawo musu fata, ya fara zuwa da turare a jiki. Gidansu bango ɗaya da shagon, tsohon kuma yana yi masa murmushi. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Masoyi, ba kekenka Baba yake ƙi ba. Kujerar da nake zama ta Inna ce. Tun da hannunsa ya mutu ita ce hannunsa, da ta rasu na gaje ta. In na tafi, wa zai karɓi allurar? Ba na son ɗan majemi, amma ba zan bar Baba da hannu ɗaya ba."

Likita ya kwana yana juya maganar, ya ga ai maganinta a hannunsa yake. Akwai keken ɗinkin fata mai ƙarfi, wanda mutum zai tuƙa da ƙafa da hannu guda. Abin da ya rage kawai tsohon ya gani da idonsa.

A bangon shagon akwai wata jar jaka a rataye. Ita suke ɗinka wa 'yarsu, tsohon da matarsa, lokacin da ciwo ya kwantar da matar. An huda gefenta kaf, amma zaren ya tsaya a rabi, kuma ba wanda ya sake taɓa ta. Likita ya roƙi Zuma aron jakar, wai zai duba mariƙinta da ya yi tsatsa. Ta ba shi don ta yarda da shi.

Ya sa wa keken allurar fata, ya ɗora jakar don ya ƙarasa ɗinkin, ya taka. Keke bai san hujin kowa ba. Ya bi ta tsakanin hujin da tsohon ya yi, ya ƙara nasa kusa da kusa. Da ya ɗaga jakar don ya yaba aikinsa, sai gefen ya rabu tsaf, kamar takardar da aka yaga. Tufa in an warware ɗinki takan manta. Fata ba ta mantawa.

Ya kai ta da kansa. Zuma ta karɓa, ta shafa wurin da zaren mahaifiyarta ya tsaya, hawaye na ɗiga a kan jar fatar.

"Mariƙi ka ce mini."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya dubi jakar ya daɗe, sannan ya ce, "Uwata, mayar da ita bango."

Likita ya yi ta aika saƙo.

"Zuma, na so in ba Baba hannu ne, sai na yanke na Inna. Ki yafe mini."

Shiru. Sai labari ya zo masa cewa manyan ɗan majemi sun fara zarya.

Ya rufe keken da zane. Ya tsinto guntayen fata a bola, ya sayi allura biyu da kaki, ya zauna yana koyo shi kaɗai. Yatsunsa suka fashe, suka warke, suka sake fashewa. Kekunan mutane suka taru a shagonsa suna jiran mai sauraronsu.

Wata safiya ya hangi Zuma ta wuce kasuwa. Ya tafi shagon, ya yi sallama. Tsohon na zaune, ya matse jakar a katako, ya yanko sabon tsirin fata zai rufe gefen da ya yage. Ya huda, ya tura allura, allurar na reto a ɗaya gefen babu mai karɓa. Ashe 'yar ta ce ita ba za ta iya taɓa jakar ba.

Likita ya zauna a kujerar. Ya karɓi allurar, ya tura tasa.

Tsohon ya dube shi, ya dubi yatsunsa. Sai ya sake hudawa.

"Sassauta, yaro. Fata ce, ba jaki kake ja ba."

"To, Baba."

"Kuma ka bar sa kunne a jikinta. Ba ta magana."

"Tana yi, Baba. Wurin da Inna ta ɗinka ba ya ƙara in an ja. Nawa yana yi."

Tsohon ya dubi ɗinkin matarsa. "Haka take," ya ce a hankali. "Hannunta ba ya hayaniya."

A haka Zuma ta same su, sun kusa kai ƙarshen ɗinkin. Ta tsaya bakin ƙofa da kwandonta, ta kasa shiga, ta kasa juyawa.

"Uwata," in ji tsohon, bai ɗago ba, "na riƙe ki a kujerar nan har kin kusa tsufa a kanta. Wannan ya ɓata jaka, ya dawo ya zauna gyara. A ce wa majemi ya yi haƙuri."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun watse, tsohon ya kira su shago. Ya miƙa wa 'yarsa jakar, rabi ɗinkin uwarta, rabi na mijinta, mai ɗan karkata. A ciki akwai tsinken huda da allura biyu.

"Baba, har da allurarka?" in ji ta.

Ya ɗaga hannunsa na dama, suka ga yadda yake karkarwa. "Shi ma ya fara bin ɗan'uwansa. Ku zauna in gani."

Suka zauna, ita a kujerar Inna, shi a ta Baba. Ta tura, ya karɓa.

"Allah ya yi muku albarka," in ji tsohon. "Ran da zaren ɗayanku ya yi rauni, Allah ya sa na ɗayan ya riƙe."

Suka amsa da amin, suka ja zare tare. Shi kuwa ya jingina da bango, daidai wurin da jakar ta bar alamarta, ya lumshe ido yana sauraro.