Dangin Desmond

Ranar da Lenora Pruitt ta fara horon shekara guda a asibitin tsofaffin sojoji marasa matsuguni a Memphis, ta tarar da wani dogon saurayi zaune a bencin jira. Ba ta yi wata-wata ba ta ja shi ɗaki ta ɗaura masa abin awon jini.

"Jininka ya ɗan hau, Yallaɓai."

"Da safe lafiyarsa ƙalau," ya ce yana murmushi. "Sai da kika shigo."

Sai a lokacin ta hango katin ma'aikata a aljihunsa. Ashe Desmond Tull ne, wanda ke bi ƙarƙashin gadoji yana lallaso sojoji zuwa asibiti. Kunya kamar ta nutse.

Tun daga nan ake haɗa su fita da motar asibiti. Ita nas ce mai digiri na biyu, tana koyon duba marasa lafiya da rubuta magani da kanta. Shi kuwa bai ɓoye mata komai ba. Maraya ne, kuma da ya dawo daga yaƙi ya daɗe yana kwana cikin mota kafin ya farfaɗo. Yana kiranta Likitata, tana kiransa Soja.

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, mahaifinta, wanda dattijon coci ne mai faɗa a ji, ya murtuke fuska.

"Ga ɗan Fasto, lauya guda, yana bin ki. Wannan su wa ye danginsa? Wa zan kama idan ya cuce ki?"

"Baba, ka gan shi tukuna."

"Na gama magana."

Ta gaya wa Desmond. Washegari saƙonsa ya shigo: "Likitata, Baba bai yi ƙarya ba, ba ni da kowa. Ba zan raba ki da gida ba, na san zafin rashinsa."

Ta mayar: "Soja, dama haka kake gudu daga fagen daga?"

Sai kawai ya nemi a sauya masa mota, ita kuma ta ɗauka son ne bai kai zuci ba.

Tsoho Gaines ne ya gano ta. Shi ne sojan da ta yi wata da watanni tana wanke wa gyambon ciwon suga har ƙafarsa ta tsira daga yanka.

"'Yata, yau hannunki ba daɗi. Me wancan zaƙaƙurin ya yi miki?"

Hawaye suka riga ta amsa. Ya saurara har ta gama ba shi labari, ya ɗaure takalminsa ya fita.

Ran Lahadi bayan an taso coci, Dattijo Pruitt ya leƙo ya ga ƙofar gidansa cike da tsofaffin sojoji, wani da sanda, wani a keken guragu, kowa cikin rigar da ya fi ji da ita. Sun taso Desmond a gaba, kansa a ƙasa.

"Mun ji kana cigiyar danginsa," in ji Gaines. "Ga mu. Babu wanda yaron nan bai tsamo daga titi ba a cikinmu. In ya cuce ta, kafin ka kama shi mun riga ka."

Dattijon ya daɗe yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Can ya matsa daga bakin ƙofa.

"Lenora, ƙaro kujeru. Surukai sun zo."

Satin da ta karɓi takardar kammala horo aka ɗaura aure. Layukan gaba na ɓangaren ango suka cika maƙil, har ana rigimar wa zai zauna a kujerar uban ango. Gaines ya riga kowa.

Dattijo Pruitt ya damƙa hannun 'yarsa cikin na Desmond.

"Ɗana, Allah Ya sa albarka. Daga yau ka ƙara da ni cikin danginka."

Cocin ya ɗauka da amin.