Yarinyar da Ta Daina Ba Jema Ruwa

A unguwar Bolari, a cikin Gombe, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Gidansu a bakin kwari yake. Kowace damina sai ruwa ya yagi ƙasar bakin kwarin ya tafi da ita. A da, tsakanin kwarin da gidan akwai filin ƙwallo. Yanzu bai fi taku ashirin ba.

Ɗakin kakanta, Malam Bappayo, shi ne na ƙarshe ta wajen kwarin. Da hannunsa ya gina shi. Da damina ta kusa wucewa, ya sa aka dasa jema a bayan gidan, layi guda. Jema ciyawa ce mai doguwar saiwa, tana riƙe ƙasa.

"Amarya," ya ce wa yarinyar, don haka yake tsokanarta, "gwiwoyina sun ƙi, ba na iya zagayawa baya. Ke za ki riƙa ba ta ruwa har damina ta dawo."

"To, Kaka," ta ce.

Ruwa a Gombe ba abin wasa ba ne. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka ake tarawa a bokiti. Kullum da safe ta ɗauka, ta bi layin jemar tana zubawa. Wata biyar tana yi, ba fashi.

Sai aka fara wani shiri a talbijin, mai suna Saura Mu Bakwai. Ranar Asabar bayan la'asar ake nuna shi. Gidan ƙawarta Lizzy suna da sola, don haka can yaran layin suke cika falo.

A shirin, duniya ta riga ta lalace. Koguna sun ƙafe. Gidaje sun rushe. Babu tsuntsu, babu ganye. Mutum bakwai ne kawai suka rage, suna yawo suna faɗa a kan gorar ruwa.

Kowa da yadda yake kallonsa. Wata yarinya, Najeeba, rufe ido take yi da mayafi, tana leƙe ta gefe. Maman Lizzy kuwa tafa hannu take yi tana cewa, "Allah ya kiyaye! Allah kada ya nuna mana!" Lizzy dariya take yi.

"Ku duba fa," ta ce. "Wai shekara uku ba ruwa, amma kitson matar nan sabo fil!"

Kowa ya yi dariya, ban da jikar Malam Bappayo. Ita ta ƙura wa talbijin ido, tsoro ya kama ta.

Lokacin bazara ne. Zafi kamar a bakin murhu. Famfon layinsu ya yi sati uku ko ɗigo babu. Da ta leƙa kwari ta ga busasshiyar ƙasa da ledoji, sai ta ga sak abin da ake nunawa a shirin.

"Ashe abin ya fara," ta ce a ranta. "Mu ma ƙarewa za mu yi."

Daga nan komai ya fita daga ranta. Ta daina wasan gaɗa. Aikin gida na makaranta ma sai ta ga dama. Abinci ta ɗan taɓa ta ture.

"Ke, lafiyarki kuwa?" Innarta ta tambaye ta.

"Lafiya lau, Inna."

Ba ta gaya wa kowa ba. Nan ta fara kuskure.

Wata safiya ta ɗauki bokiti ta fita ta ƙofar baya. Ta dubi dogon layin jema. Ta ce, "In duniya za ta ƙare, me ciyawa za ta yi mana?" Sai ta juye ruwan duka a nan kusa da ƙofa, daidai bayan ɗakin Kaka. Ta dawo ciki.

"Amarya, kin ba ta ruwa?"

"Na ba ta, Kaka."

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Kullum a wuri ɗaya take juyewa, don nan ne kusa. Sauran jemar ta yi ja, ta bushe, awaki suka tattake ta. Wata biyu ana haka, tsohon yana sa mata albarka kowace safiya.

Rannan da azahar hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kwari ya cika, yana ruri. Suna zaune a ɗakin Inna sai suka ji wata ƙara, rim!

Da ruwa ya tsagaita suka fito. Katangar baya ta tafi. Rumfar girki ta tafi, da tukwanen Inna da turminta. Inda ake hura wuta jiya, yau rami ne.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ina za mu sa kanmu?"

Malam Bappayo ya dogara sandarsa ya fito a hankali. Ya daɗe yana kallon ramin. Yarinyar ba ta taɓa ganin hawaye a idonsa ba sai ranar.

Ta durƙusa a cikin taɓo ta fashe da kuka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Kaka, ni ce. Na daina ba ta ruwa. Ƙarya nake yi maka."

"Me ya sa?" Inna ta daka mata tsawa.

"Na ga a shirin nan duniya za ta ƙare. Na ce ba amfani. Ga shi kuwa ta fara ƙarewa daga gidanmu."

Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, Kaka ya ɗaga mata hannu.

"To ina kike kai ruwan?" ya tambaya.

Ta nuna masa da yatsa. Suka duba. A bayan ɗakinsa, jema guda biyar sun yi kore shar, sun kai ƙugun mutum. Ƙasar hagu ta zube, ta dama ta zube. Wadda ke ƙarƙashinsu tana nan daram. Ɗakin Kaka ko tsagewa bai yi ba.

"Kin gani?" ya ce. "Wannan ruwan ba da niyya kika ba su ba. Amma sun sha, sun riƙe mini ɗaki. Da kin ba layin duka fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mutanen nan bakwai na talbijin," ya ce, "kin taɓa ganin ɗayansu ya dasa wani abu?"

Ta yi tunani. "A'a, Kaka. Faɗa kawai suke yi."

"Ai shi ya sa suka rage bakwai. Ranar tashin duniya Allah kaɗai ya sani. Bokiti kuwa ke aka ba."

Washegari maƙwabta suka zo. Maza suka cika buhuna da yashi suka jera a bakin ramin. Maman Lizzy ta aiko da tukunya biyu da murhun gawayi. Ta jawo yarinyar jikinta.

"'Yata, in abu ya ba ki tsoro, ki faɗa," ta ce. "Waɗannan 'yan wasa ne. Ana gama ɗauka suke wanke fuska su ci shinkafa."

Yarinyar ta yi murmushi, karo na farko a wata biyu.

Aka tsaga jemar nan biyar, aka samu iri mai yawa. Ita da Lizzy da Najeeba suka dasa sabon layi. Kafin damina ta wuce, layin ya yi kore daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da rani ya shigo, ta koma ɗaukar bokiti.

"Amarya, kin ba ta ruwa?"

"Na ba ta, Kaka. Zo ka riƙe kafaɗata ka gani da idonka."

Damina ta sake zagayowa, ruwa ya yi ta sauka. Kwarin bai ƙara ko taku ɗaya ba.

Yara, ba duk abin da aka nuna a talbijin ne gaskiya ba. In wani abu ya tsorata ku, ku gaya wa manya. Kada ku yi ƙarya, kuma kada tsoron gobe ya sa ku bar aikin da aka ba ku yau.