Ilwa Ba Ta Buɗe Ƙofa Ba

Asabar ce bayan la'asar, a shagon gyaran waya na Ashiru da ke kusa da tashar Kazaure. Samari biyar sun kewaye benci suna buga Ganuwa, wasan katin da ake kawo musu daga Kano. Kowane kati da zanen jarumi ko dodo, a ƙasansa layi biyu na labari da Turanci. In aka jera katunan fitowa ɗaya, sai labarin ya haɗu.

Sadiqa ta shigo da wayarta da gilashin ya fashe. 'Yar Roni ce, ɗaliba a kwaleji, kuma shekara biyu ke nan tana tara katunan ita kaɗai. Ta tarar mai shagon yana ta yabon fitowa ta biyar.

"Ba ka karanta da kyau ba," in ji ta, tana miƙa masa wayar.

Ashiru ya ɗago. Bai taɓa ganin mace ta tanka a kan Ganuwa ba, balle mai kallon mutum ido cikin ido haka.

A kan Ilwa suka saɓa, matar da ke tsaron rijiya ɗaya tilo a birnin da maƙiya suka yi wa ƙawanya. Fitowa huɗu tana tsaye, har ƙaninta ta binne ba ta gusa ba. A ta biyar, kati guda ya ce ta gaji ta buɗe wa maƙiya ƙofa. Ashiru ya ce haka ɗan Adam yake, yana gajiya. Sadiqa ta ce marubutan ne suka gaji, suka ɗora wa baiwar Allah.

Ya gyara wayar, ya saka Sadiqa a zaurensu na WhatsApp. Can ma gardamar ce: wasu na bayansa, wasu na bayanta, wani ya ce shi zane kawai yake kallo. Kafin wata uku saƙonnin sun bar zaure sun koma tsakaninsu.

"Mai Rijiya, yau ma ban yarda da ke ba. Amma na yi kewar muryarki."

"Lauyan marubuta, kewar ta isa. Yardar ma tana tafe."

Da ta gama karatu, magabatansa suka je Roni. Mahaifinta, Malam Muhammadu Lawal, tsohon magatakarda, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba. Sai Sama'ilu, ɗan maƙwabtansu da ya taɓa nemanta ta ƙi, ya kai masa labari cewa yaron tara matasa yake a shago suna karta.

Malam ya san karta. Ita ta raba ƙaninsa da gonar gado. Ya aika Kazaure cewa a yi haƙuri.

Sadiqa ta durƙusa gabansa da akwatin katunanta.

"Baba, ba caca ba ce. Labari ne. Ni ma ina da su."

"Har ya koya miki?"

"Na riga shi sanin wasu ma."

Ya karɓi akwatin ya kulle a ɗakinsa, ya ce maganar ta mutu.

Ba ta yi bore ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta samu koyarwa a wata firamare, tana kai wa Baba ruwan alwala kamar kullum. Mutum uku suka zo neman aurenta. Kowanne ta fita ta gaishe shi da ladabi, ta gaya masa gaskiya, ya tafi. Mata a gidan biki suka riƙa cewa boko ya ɓata ta. Tana ji, takan gyara mayafi ta wuce.

A wata na bakwai saƙon Ashiru ya shigo.

"Sahibata, zan ƙona katunan a gaban Baba. In kuma kin gaji, ki faɗa min. Wallahi ba zan ga laifinki ba."

Ta mayar masa da amsa.

"In ka ƙona, ka gaskata ƙaryar da aka yi maka. Batun gajiya kuwa, kai ka yarda da fitowa ta biyar. Ni ban taɓa yarda ba."

Kawu Daudu, yayan mahaifiyarta, makiyayi ne kuma manomi a Gwiwa. Ya zo ya ga yadda ta rame. Ya ɗauki tsohuwar wayarsa ya hau mota zuwa Kazaure, ya zauna a shagon kamar mai jiran gyara. Asabar uku yana zuwa. A ta ukun ya sa samarin suka fassara masa labarin Ilwa tun daga farko.

Daga nan ya wuce Roni wurin Malam, ya sa aka kira Sadiqa ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, na zauna da samarin shagon Ashiru sau uku. Ko kwabo ban ga ya motsa ba. Ana kiran salla suke tashi. Gardama suke a kan wata mata da ba a taɓa haifa ba."



"Kuma yarinyar nan ce da gaskiya," Kawu ya ci gaba. "Shekara arba'in ina shayar da shanu. Wanda ya tsare rijiya har ya binne ɗan'uwa ba ya sakinta rana ɗaya ba dalili. Mai rubutun nan bai taɓa jiran komai ba."

Malam ya dubi 'yarsa, wata goma sha ɗaya ba ta canza magana ba, ba ta kuma saɓa masa ba. Ya tashi ya ɗauko akwatin, ya ce ta karanta masa. Ta fara karantawa. Da ta kai katin ƙofa ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Ki yafe min."

A ranar ne ta yi kukan da ta riƙe.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Da za a kai amarya, da hannunsa ya ɗora akwatin a kan kayanta, ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Ki riƙe gidanki yadda kika riƙe maganarki."

Motar na kan hanyar Kazaure wayarta ta yi ƙara.

"Amaryata, na janye. Ilwa ba ta buɗe ƙofa ba. Na gani da idona."