Ruwan Zafi a Gindin Lemo

Da yammacin wata Juma'a, bayan mun tashi daga tsinkar lemo, na biya shagon kayan gini da ke bakin garin Griffith don in sayi tankin ruwan zafi. Sefo, ɗan kawuna, shi ya ja motar. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturu a ƙasar nan, sanyi na shiga har ƙashi, tsohon tankinmu kuwa ya daɗe da lalacewa. Lupe ta sha yi mini mitarsa.

Lupe matata ce. Ta rasu wajen haihuwa, ta bar mini Masina, 'yar jaririya mai irin goshinta.

Mai shagon ya nuna mana na gas, da mai aiki da rana, da na lantarki. Sannan ya ce, "Ku nawa ne a gidan?"

Na ce, "Huɗu."

Sefo ya dafa kafaɗata. "Uku ne, Niko."

Haka ne. Ni, da Masina, da Inna Fuatino mahaifiyar Lupe, wadda ta zo jana'iza daga Samoa ba ta koma ba. Na ɗauki na lantarki. Mai shagon ya ce lallai mu kira mai lasisi ya ɗaura. Muna shiga mota Sefo ya taɓe baki.

"Wane mai lasisi? Ni fa na ɗaura na coci."

"Wanda ke yi wa fasto wanka da ƙanƙara?"

"Kai dai riƙe mini sifana ka yi shiru."

Washegari muka kafa shi a waje, jikin bangon baya. Sefo ya murɗa ma'aunin zafi har ƙarshe, wai gidan jaririya ne. Akwai wani siririn bututun tagulla da ke sauka daga wuyan tankin, wanda yake tofar da ruwa idan ya cika masa ciki. Sefo ya lanƙwasa shi zuwa gindin wani ɗan dashen lemo da ke wajen.

"Ga ban-ruwa kyauta," in ji shi.

Na ji daɗi ma. A gida Samoa, kabarin mutum yana ƙofar ɗakinsa, ka fito da safe ka gaishe shi, yara su yi wasa a kai. A nan Lupe tana can maƙabartar bayan gari cikin baƙi. Abin da ya rage mini nata a gidan yana ƙarƙashin lemon nan: mabiyiyar Masina da cibiyarta, waɗanda na karɓo daga asibiti na binne da hannuna kamar yadda iyayenmu ke yi, na dasa itace a kai. Ina ganin ruwa ne zai ɗiga musu, mai sanyi, kamar raɓa.

Daga ranar Masina ta daina barci.

Inna kan yi mata wanka kafin rana ta faɗi. Sai an gama, an shafe ta da man kwakwa, tankin ya soma gurnaninsa yana ɗumama sabon ruwa, sannan ta sandare. Ba kukan yunwa ba ne. Kuka ne mai tsini, har numfashinta ya ɗauke. Da safe mu ga jan tabo kewaye da cibiyarta. Malamar asibiti ta duba, ta tambaye ni ko muna gwada ruwan wanka da gwiwar hannu. Na ce muna yi. Ta daɗe tana kallona.

Yarinya ta ƙi nono na kwalba. Wuyanta ya zama kamar zare. Ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. In shiga, in fita, in leƙa taga, in koma. Ganyen lemon ya soma murɗewa, na ce sanyi ne.

Wata magariba Inna tana jijjiga ta a kafaɗa, ta yi magana ƙasa-ƙasa ba ta dube ni ba.

"Ana zagaya gidan nan, ɗan nan. Ina jin tafiyarta. Ni na haife ta."

"Inna, ki bar wannan magana."

"Ɗiyarta take so. Da a gida ne, da tuni na tafasa tukunya na juye a kabarin, ta san an kore ta, ta kwanta."

"Babu mai zuba wa Lupe ruwan zafi ina da rai."

A daidai nan tankin ya soma gurnani ta cikin bango. Masina ta sandare. Na karɓe ta, na rufe ta da bargo, na fita ta ƙofar baya don kawai ƙafafuna sun ƙi tsayawa.

Sama ta yi ja a kan gonakin inabi. Babu iska. Karen maƙwabta da ba ya rabo da haushi ya yi tsit.

Sai ƙamshi. Man kwakwa da furen da Lupe ke jiƙawa a ciki. Kwalbar wannan haɗin nata kuwa ta ƙare tun ranar jana'iza.

Na sha kwanar bango.

Tururi na tashi daga ƙasa. Bututun na tsartuwa, yana huci. A ƙarƙashinsa mace ce durƙushe cikin farar rigar da muka binne ta da ita. Ta rungume gindin lemon, ta yi masa rumfa da jikinta. Tafasasshen ruwan a gadon bayanta yake sauka.

Rigar ta manne. Abin da ke ƙarƙashin rigar ba zan faɗa ba.

Ba ta juyo ba.

"Niko."

Muryar ba ta da numfashi a cikinta.

"Kullum ina tarewa. Ba na iya tare duka."

Na ƙara rungume Masina.

"Korata kake yi?"

"A'a," na ce. Ban ji kaina ba.

"To ƙona Masina kake yi. Ba ni ita. Inda nake babu zafi."

Hannu ɗaya ya saki itacen, ya miƙo baya, ya yi ta tsawo fiye da yadda hannu ke yi. Yatsun suka taɓa gefen bargon.

Masina ta yi shiru.

Wannan shirun ya fi kukan muni. Jikinta ya soma sanyi a ƙirjina, yana yin nauyi.

Na ja da baya, bargon bai biyo ni ba. Na saki bargon. Na matse yarinyar da hannun hagu, na kai na dama na damƙi bututun.

Na ji fatata tana kamawa. Na ja. Ya ƙi. Na sa gwiwa a bango na sake ja, tagullar ta yi ƙara ta lanƙwashe, ruwan ya koma kan siminti.

Masina ta ja numfashi, ta fasa kuka. Kuka na yunwa.

Da tururin ya washe, babu kowa. Bargon na nan a gindin lemon, an ninke shi gida huɗu, yadda Lupe ke ninkewa.

Inna ce ta ɗaure mini hannu, ba ta tambaye ni komai ba. Mai lasisi ya zo ya rage zafin, ya sa sabon bututu har cikin magudana. Sefo ya tsaya daga nesa, ranar bai yi wasa ko ɗaya ba. Tabon Masina ya baje, ta yi ƙiba, yanzu har tana rarrafe. Lemon ya fitar da sabon ganye. Tafin hannuna na dama ba ya buɗewa duka.

Inna ta ce ba ta ƙara jin tafiyar ba. Ni ma ban ƙara jin ƙamshin ba.

Da magariba, idan tankin ya soma gurnani, nakan fita in tsaya a wajen. Tsakanin bakin bututun da gindin lemon bai fi taku ɗaya ba. Na san abin da zai dawo mini da Lupe, na kuma san wadda za ta sha zafinsa. Sai in cusa hannun a aljihu, in tsaya har duhu ya rufe itacen, in koma ciki wurin 'yata.