Sunan Masu Rai a Shafin Matattu

Ranar da Floridalma ta fara shiga maɗaba'ar, gajimare ya sauko daga dutse ya kwanta a titi, har ba a ganin cocin da ke tsallake. Nery na gaban kwamfuta yana daidaita kan wani babi. Bai ji motsin ƙofa ba. Ya ɗago kawai ya ga budurwa tsaye, gashinta ya jiƙe da raɓa, ta rungume kwali.

"Kai ne mai tsara littattafai?"

"Ni ne."

"An ce mini dattijo ne."

"Dattijon ya tafi cin abinci. Ni ne mai aikin."

Ta dire kwalin. Takardu ne na ƙungiyar mazan da ke ɗaukar siffar Almasihu a kafaɗa duk Makon Tsarki. Ƙungiyar ta cika shekara ɗari. Ubanta, Eulalio Pisquiy, wanda ake kira Don Eulalio saboda girmamawa, shi ne shugaba, kuma yana son littafin tarihinta ya fito kafin ranar tunawa da matattu.

Nery ya juya mata allon ya nuna mata yadda zai yi. Lambar babi da jan tawada, sunan babin a ƙasa, siririn layi a tsakani. Sannan a saman kowane shafi, sunan babin da ƙananan baƙaƙe, don mai karatu ya san inda yake.

"Wannan na saman, manhajar ce ke sa shi da kanta. Da ta ga sabon babi mai lamba, sai ta ɗauki sunansa ta riƙa ɗorawa a kowane shafi, har wani babin ya zo."

"Ba ta mantuwa?"

"Ba ta mantuwa."

"To ta fi ka. Sau biyu ke nan kana tambayar sunana."

Daga ranar ita ke kawo gyara. Wani lokaci gyaran bai wuce waƙafi ɗaya ba, amma sai ta zo da kunun masara a kofi biyu, ta zauna kan damin takarda har ya huce. Yana kiranta Furena. Ita tana ce masa Mai Tabarau.

Saƙonsa na farko ya ce: "Furena, na gama babi na uku. Babu kuskure ko ɗaya. Don Allah ki nemo wani ki zo."

Ta amsa: "Na samo. Hoton kakana ya karkace. Idan bai karkace ba ka karkatar da shi kafin in iso."

Garin ƙarami ne. Magana ta kai kunnen Don Eulalio, kuma wanda ya kai ta shi ne Byron, mai kantin magani, wanda ya daɗe yana aika wa gidansu burodi da cakulan na neman aurenta ba a ce masa e ba.

Don Eulalio ya zo maɗaba'a da kansa. Bai zauna ba, bai cire hula ba. Ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Babi na shida sunayen 'yan ƙungiya ne da suka rasu, an sa masa suna "Waɗanda Suka Huta". Na bayansa sunayen masu rai ne. Ya ɗora yatsa kan lambar bakwai.

"Cire wannan."

"Lambar, Don Eulalio?"

"Ba a sa wa masu rai lamba. Matattu ake ƙirgawa, su sun gama."

"To, zan cire."

"Abu na biyu. 'Yata gyara take kawowa. Ka karɓi gyara, ka sallame ta. Ban ga kafaɗarka a ƙarƙashin siffar nan ko sau ɗaya ba."

Ya fita. Nery ya cire lambar. Ya duba shafin farko na babin, ya ga ya yi kyau, don shafin buɗe babi dama ba ya ɗaukar rubutun sama. Bai juya na gaba ba. Aka buga littafi.

Ranar tunawa da matattu coci ta cika da ƙanshin furen rawaya da hayaƙin turare. Al'ada ce a karanta sunayen 'yan ƙungiya da suka rasu, jama'a na amsawa. Don Anacleto ke karantawa, tsoho ne mai raunin ido. A bana daga sabon littafi ya karanta.

"Mateo Ixcot."

"Allah ya ba shi hutu."

Haka ya yi ta bi har ƙarshen babin. Ya lashi yatsa ya juya. Sabuwar takarda ce, shafi biyu suka manne, ya tsallake inda babin masu rai ya buɗe. Ya ɗaga littafin kusa da ido ya duba sama. Rubutun na nan: Waɗanda Suka Huta. Ya ci gaba.

"Mauro Racancoj."

"Allah ya ba shi hutu."

Don Mauro kafinta na zaune a benci na uku.

"Eulalio Pisquiy."

Baki ya riga tunani. Coci duka ta amsa. Sai a suna na biyar ko na shida muryoyin suka fara mutuwa, mutane suka soma waiwayen juna. Tsohon ya tsaya. Ba wanda ya yi tari. Nery na tsaye a bayan coci. Ya gane nan take. Manhajar ba ta ga lamba ba, don haka ba ta san an shiga sabon babi ba. Ta ci gaba da ɗauko sunan na baya.

Don Eulalio ya miƙe, ya ratsa tsakiyar coci ya fita. Mutane suka janye tufafinsu daga hanyarsa.

A cikin makon Don Mauro ya kwanta barcin rana bai tashi ba.

Daga nan garin ya canza wa mutanen da aka karanta. Ba wanda ya zage su. Gaisuwa kawai aka rage. Mai burodi ta daina karɓar kuɗi daga hannunsu, sai ta ajiye musu burodin a gefen tebur. Wata safiya aka ga kyandir a ƙofar gidan Don Eulalio, da kofin ruwa, irin wanda ake ajiye wa mamaci. Bai zubar ba. Ya shiga ɗaki ya zauna, ya daina fita, ya daina cin abu mai gishiri.

Byron kuwa yana bayan kanta yana ba kowa magani da labari. "Tsohon ya kore shi, shi kuma ya rama. Injin ba ya yin abin da ba a sa shi ba."

Nery ya aika saƙo: "Furena, kuskure ne. Na cire lamba ban duba shafi na biyu ba. Wallahi iyakarta ke nan."

Shiru. Ya sake aikawa: "Ko zagi ne ki turo."

Da amsa ta zo, gajeriya ce: "Babana yana zaune yana kallon bango. Na ajiye masa abinci ya ce in kai wa masu rai. Ban san abin da zan ce maka ba, Nery."

Ba ta ce Mai Tabarau ba. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Gyaran kansa layi ɗaya ne. Ya rubuta wa manhajar umarnin ta sauya rubutun sama ko babu lamba. Ya sake buga littafin, ya ɗauki kwafi ɗaya ya tafi gidan Don Eulalio da tsakar rana.

Ɗakin da sanyi. An rufe madubi da baƙin zane. Don Eulalio na kan kujera da hularsa a gwiwa. Floridalma, wadda ake ce wa Flori, na tsaye bakin ƙofa, ba ta kalli Nery ba.

"Na gyara, Don Eulalio. Ga shi."

Tsohon bai miƙa hannu ba. "Takarda ka gyara. Abin da aka amsa a coci fa?"

"Ban yi da gangan ba."

"Mauro ma bai tafi da gangan ba."

Nery ya gyara tsayuwa. Tunda ya zo, gara ya faɗi duka. "Ina son 'yarka. Ina so iyayena su zo neman aurenta."

"Ka makara. Mamaci ba ya ba da aure."

"Me zan yi?"

Don Eulalio ya kalle shi a karo na farko. "Ka shiga inda ka sa ni. Ranar addu'ar Mauro, a karanta sunanka a ƙarƙashin wannan rubutun. In ka iya, ka san abin da ka yi."

Nery ba mai yarda da irin wannan ba ne, ko haka yake cewa da. Amma da ya koma shago ya buɗe tsohon shafin, ya rubuta sunan Don Mauro, ya rubuta nasa a ƙasa, sai ya ga yatsunsa sun yi fari. Baƙaƙen suka zauna daram a ƙarƙashin rubutun, kamar dama wurinsu ne.

"Da gaske za ka yi."

Flori ce a bayansa. Wannan karon ma bai ji ƙofa ba.

"Zan yi."

"Byron ya ce ba za ka iya ba. Ya ce wanda ya san abin da ya ƙulla ba ya sa wuyansa a ciki."

"Ke me kika ce?"

"Na ce ya sayar da maganinsa." Ta matso ta tsaya kusa da kafaɗarsa. "Kana jin tsoro, Mai Tabarau?"

"Ina ji."

"Je ka kawo mini ruwa. Bakina ya bushe."

Da ya dawo ta riga ta tura shafin firinta, ta ninke shi huɗu. Ta ce ita za ta kai wa Don Anacleto. Bai tambayi dalili ba.

Ranar addu'ar, Don Eulalio ya zo coci. Ya zauna a benci na ƙarshe, mutane suka bar masa bencin shi kaɗai. Gajimare ya shigo ta ƙofa yana bin ƙasa. Don Anacleto ya warware takardar.

"Mauro Racancoj."

"Allah ya ba shi hutu."

"Nery Cotom."

Sannan wasu suka amsa, ƙasa-ƙasa. Nery ya ji kunnuwansa sun toshe, kamar an nutsar da shi a rijiya. Yana ganin bakunan mutane, ba ya jin komai sosai. Mahaifiyarsa ta rufe fuska da mayafi.

Tsohon bai ninke takardar ba. Ya kai ta kusa da ido, ya yi nisa da ita, ya sake kawowa.

"Floridalma..."

"Dakata."

Muryar daga benci na ƙarshe ta fito. Don Eulalio ya taho ta tsakiya, takalminsa na bugun dutse. Flori na tsaye a gefen Nery, ta riƙe masa hannun riga.

"Ba za ka ƙarasa sunan nan ba, Anacleto. Ni ne ubanta, na hana."

Don Anacleto ya dube shi ta saman tabarau. Tare suka yi yarinta, ba ya tsoronsa.

"Wa ke magana? Na karanta wani Eulalio kwanaki, aka ce ya huta. Waɗanda suka huta ba sa hani."

"Kada ka yi mini wasa a ɗakin Allah, tsohon banza."

"Tambaya na yi. Eulalio Pisquiy, kana ina?"

Haɓar Don Eulalio ta motsa. Ya kalli 'yarsa.

"Ina nan."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Ina nan, na ce."

Don Anacleto ya yage takardar. Ba da littafi ba, da ka, ya shiga kiran mutanen da ya karanta ranar nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa na miƙewa yana amsawa. Ya kira Nery a ƙarshe. Flori ta matse masa hannu.

"Ina nan."

Aka yi shiru. A cikin shirun, daga wajen benci na uku, wata murya ta ce ina nan, a hankali, ba a kira kowa ba. Nery ya ji. Ya san wasu ma sun ji. Ba wanda ya waiwaya, kuma har yau ba a zancen a garin.

A ƙofar coci Don Eulalio ya tsaya ya sa hula.

"Ke, wa ya koya miki wannan taurin kan?"

"A gida na gani, Baba."

Ya juya ga Nery. "Ka ce wa iyayenka su zo. Kuma Makon Tsarki mai zuwa ina son ganin kafaɗar nan ta kumbura."

Suka zo da kwandunan burodi da cakulan, aka karɓa. Byron ya rufe kanti ranar ya tafi ganin wata gwaggonsa a birni.

An ɗaura auren bayan damina, da masu kiɗan marimba a tsakar gida. Da aka dawo daga coci, aka shimfiɗa tabarma kan ganyen itacen fir, ango da amarya suka durƙusa, dattawa suka yi layi suna sa musu albarka. Don Eulalio ne ya zo ƙarshe. Ya shafa kan 'yarsa, ya faɗa mata wani abu a kunne. Sannan ya ɗora tafinsa a goshin Nery, ya bar shi a nan. Ya daɗe, har masu kiɗa suka sassauta.

"Da ɗumi," in ji shi.

Ya ɗauke hannun.

"Allah ya ba ku tsawon rai. Ku tsufa tare, ku ga jikoki, kowa ya kira ku ku amsa. Ku tashi."

Jama'a suka ce amin, suka tashi.