Man da Nata'ala Ya Zubar

A shekarar Udoji, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, motoci suka cika hanyar Kano zuwa Katsina, Nata'ala bakanike bai san hutu ba a Kankiya. Mutum ne mai gaggawa, ko salla yake yi sai ka ce ana korarsa. Ran da abin ya faru, yana gyaran giyabos ɗin wata a-kori-kura ta Kusada a ƙofar gidansa. Ya cire tsofaffin boris, ya zaro mataccen sil, robar nan mai hana mai yoyo. Sabon boris kuwa ba ya hawa sandar giya da duka, sai an dafa shi cikin mai ya ɗan buɗe, a zura shi da zafinsa. Haka ya yi. Boris ya zauna daram, ladan ya kira magariba, sai Nata'ala ya ɗauki tukunyar ya watsa tafasasshen man bayan danga, babu ko bisimilla.

Wani kuka ya tashi daga wurin, siriri, irin na jariri. Ya leƙa bai ga kowa ba. Kafin ya juyo, matarsa Mairama ta kwarma ihu daga cikin gida: ɗiyarsu Luba ta faɗi a bakin madafi.

Tun daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai a fara jifan kwanon ɗaki. Da safe in Nata'ala ya share tsakar gida, ba duwatsu yake tararwa ba, 'ya'yan boris ne, da sauran zafinsu. Luba ta daina ci, ta daina magana. Damtsenta ya yi bororo kamar an ƙona ta, alhali wuta ba ta taɓa ta ba. An kai ta asibiti, an sha allura, ba ta canja zane ba. Giyabos ma ya ƙi: ya sa sabon sil, ya shafe leɓensa da mai, ya buga shi daidai, gari na wayewa sai ya tarar mai ya tsiyaye ƙasa. Mutumin da bai taɓa ganin abin da ya gagari hannunsa ba, sai ga shi zaune gaban ɗiyarsa yana kallo. Tsoro ya kama shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Mairama ce ta sa aka ɗauko Modibbo Jaji daga Kafin Soli, dattijon malami mai ruƙiyya. Ya zauna kusa da tabarmar yarinyar, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai Luba ta tashi zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa, malam. Karatunka na ƙuna."

"Wace ce ke? Mi yarinyar ga ta yi maki?"

"Ita ba ta yi mani komi ba. Ubanta ya soya mani jika. Muna zaune bayan danga tun ba a kafa gidan ga ba. Da ya ce bisimilla, da mun kauce."

Nata'ala ya durƙusa. "Wallahi ban gan ku ba, baiwar Allah. Ki kama ni, ki sakam mani ɗiyata."

"Hannunka nike so."

Modibbo ya ce Allah bai halatta mata hannun kowa ba, ya sake ɗaga murya. Ta yi ta birgima, tana zagi, daga baya ta sauko: to, Nata'ala ya riƙe hannunsa, amma kada ya ƙara taɓa ƙarfe da shi. Ran da ya taɓa, ta dawo.

"Da mi za ya ci da iyalinshi?" in ji Modibbo.

Ta ce, "Na bar mashi hauya."

Modibbo ya so ya ƙara matsa mata, amma Nata'ala ya dubi damtsen Luba ya ce ya yarda. Yarinyar ta yi atishawa, ta zube, sannan ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Da damina ta faɗi Nata'ala ya koma gonar ubansa a Bauranya. Luba ta warke, har ta riƙa kai masa fura. Wata rana wata mota ta mutu a bakin gonar, direba ya gane shi, ya rugo yana roƙon ya duba masa ita, yana miƙo masa sifana. Nata'ala ya dubi sifanar, ya dubi Luba tsaye da ƙwarya a ka. Ya mai da hannuwansa bayansa, ya ce, "Ka yi haƙuri, ni manomi ne."